Sharhi: Yini guda a gidan gonar Woolsthorpe

Na yanki tikitin shiga Woolsthorpe Manor, kusa da garin Grantham a yankin Lincolnshire na Ingila, domin in ga bishiyar tuffar nan da aka ce faɗowar ɗanta ce ta sa masanin kimiyya Isaac Newton tunani a kan ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa, amma da na iso sai ginin kansa ya ɗauke mini hankali. Duk da kwarjinin sunan (Manor na nufin babban gidan mai ƙasa), gidan manoma ne masu kiwon tumaki, wanda kakan Newton ya saya a 1623, kuma a cikinsa aka haifi masanin a 1642.

An gina shi da farin dutsen yankin, an jera shi sahu-sahu ba tare da wani ado ba, kuma kaurin bangon ya isa mutum ya jingina gwiwar hannunsa a bakin taga. Tagogin ne suka fi tsayar da ni: ƙanana ne, an raba kowace da siraran ginshiƙai na dutse, an haɗa gutsattsarin gilashi da dalma, saboda haka hasken da ke shigowa kaɗan ne ko da rana tsaka. A ɗakin bene, inda aka ce Newton ya gwada rarraba hasken rana zuwa launuka bayan annoba ta sa an rufe jami'ar Kambirij, inda yake karatu, a 1665, na fahimci cewa ɗaki mai irin wannan tsari ba ya da wuyar duhuntawa, sai a bar wa haske ƴar kafa ɗaya.

Gidan yana aji na ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta kare, ajin da bai kai kashi 3 cikin 100 na jerin ba, don haka ba a sauya masa fasali sai da izinin hukuma. Amfanin irin wannan kulawa yana jikin bango, inda zane-zanen da aka karta a shafen suke nan, har da na injin niƙa mai aiki da iska, wanda ake kyautata zaton Newton ne ya zana shi yana yaro. Ni dai sai da mai rakiya ta nuna mini da yatsa kafin na gan shi.

Ƙungiyar National Trust, mai kula da wurin, ta ƙawata ɗakunan da kayan zamanin. Mai ciwon gwiwa ya yi shirin hawa matakala, dogo kuma ya riƙa sunkuyawa a ƙofofi. Bishiyar tana nan cikin shinge. Minti biyar na yi a gabanta na koma wajen tagogin.