Ka jira shekara 60 ko ka ajiye aiki tun da sauran ƙarfi?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta kuwa dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40.

Wanda ya jira ƙarshe ya fi tara kuɗi a asusun fansho, domin kowane wata ana zuba kashi 8 daga albashinsa, gwamnatin da yake wa aiki ta ƙara kashi 10. Ga ƙarin girma a shekarun ƙarshe. Matsalar ita ce ranar da aka karɓi makullin ofis. Wayar da ba ta hutawa sai ta yi tsit. Na ga manyan daraktoci da suka koma zaman majalisa daga hantsi har azahar, jiki ya fara ciwo saboda rashin abin yi.

Wanda ya fita da kansa yana ɗan 50, shekarun da doka ta ba shi damar taɓa asusunsa, fanshonsa kaɗan ne, kuma yara na jami'a. Sai dai yana da ƙarfin bin gona da rani, ya koyi kiwon kaji ko kifi, ya yi asara ya tashi. Ɗan 62 da ya zuba kuɗin sallama a kasuwancin da bai taɓa yi ba, faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Ni dai na fi karkata ga jira, muddin an kafa gonar ko shagon shekara biyar kafin takardar sallama ta iso.