Maple Leaf mai tambari ko Silver Eagle mai tambari: wanda zan ce ka fara da shi

Assalamu alaikum ƙanena. Tunda tsakanin sulallan azurfa biyu, Maple Leaf na Kanada mai ɗan tambari, wato ƙaramar alama ta musamman da ake ƙara bugawa a jikin sule, da Silver Eagle na Amurka mai irin wannan alama kake son zaɓen wanda za ka fara tarawa, to ni Maple zan ce ka saya, kuma ba daga jin labari nake faɗa ba, domin duka biyun sun kwana a akwatina a nan Bauchi, ɗaya yana nan har gobe, ɗayan kuwa na rabu da shi da asara.

Sulen azurfa na farko da ya shiga hannuna shi ne Maple Leaf na shekarar 2014 mai tambarin doki. Ɗan wani aminina da ke karatu a Kanada ne ya zo mini da shi lokacin da ya dawo hutu, bayan na roƙe shi ya nemo mini, kuma dalilin da ya sa na nace a kan mai doki shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa rabuwa da doki a turke ba, kuma a bayansa na fara ganin hawan Daushe ina yaro. Ranar da aka kawo shi na fito da shi tsakar gida da hantsi domin in gan shi a hasken rana. Ganyen nan da ke jikin tutar Kanada yana walƙiya kamar madubi, filin da ke kewaye da shi kuma a dushe kamar an barbaɗa masa gari, sannan can ƙasa kusa da tsinken ganyen ga ɗan dokin nan, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, amma ƙafafunsa da wutsiyarsa duk sun fito sarai. Hajiyarmu da ta karɓa ta jinjina shi a tafin hannu, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko liyarin da ta gada daga mahaifiyarta, wanda aka huda aka yi abin wuya da shi, ta ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Liyarin nan mai hoton Mariya Taresa, wanda kowane ɗayansa 1780 ne a rubuce komai shekarar da aka buga shi, nauyinsa giram 28 ne da ɗan kai, kuma azurfar da ke cikinsa kashi 833 ce cikin 1000, shi ya sa da aka jera su farin Maple ya fi fitowa. Tun daga ranar ta daina ce mini ina ɓarnar kuɗi, domin ta gane abin da iyayenta suke yi ne nake yi.

Ya kamata ka fahimci abin da kake biya wa kuɗi kafin ka zaɓa. Ɗan tambarin nan ba ya ƙara wa sule ko ƙwayar zarra ta azurfa. Maple mai doki da Maple marar komai duk oza ɗaya ne, wato giram 31.1, tsarkin azurfarsu 9999 cikin 10000, kuma dala 5 ta Kanada ce a rubuce a jikinsu, kamar yadda ake buga su tun 1988. Asalin irin wannan alama a Turai ita ce a gane gidan da ya buga kuɗi ko ma'aikacin da ya sassaƙa hatimin, kuma har yanzu Faransa tana yi, idan ka duba sulallan sefa da ke shigowa daga Nijar da Kamaru da kyau za ka ga wasu 'yan ƙananan alamomi a jikin da yawa daga cikinsu. Daga baya ne gidajen buga kuɗi suka mayar da ita hanyar tunawa da wani abu, suna buga adadi ƙayyadadde domin masu tarawa. Kada kuma ka rikita ta da harafin da ke nuna garin da aka buga sule, irin W na West Point ko S na San Francisco a jikin kuɗin Amurka, domin wannan daban, wancan daban, kuma akwai masu sayarwa da ke haɗa su da gangan.

Abin da ya sa Maple ya fi dacewa da mai farawa shi ne yawan iri da sauƙin ɗori, wato abin da ake ɗorawa a kan kuɗin azurfar da ke cikin sulen. Kanada ta fara sa waɗannan tambura a 1998, shekarar da aka fitar da mai hoton jirgin ruwan Titanic da kuma mai damisa, wanda ya buɗe jerin dabbobi goma sha biyu na kalandar Sin. An yi mai tartsatsin wuta na shiga shekarar 2000 wanda ke ɗauke da shekaru biyu, 1999 da 2000, an kuma sake zagayo da dabbobin, inda nawa mai doki ya fito. Saboda haka mutum yana iya ɗaukar layi guda ya bi shi a hankali, bana ɗaya baɗi ɗaya, kuma waɗanda aka buga da yawa a shekarun baya-bayan nan ɗorin da ke kansu bai cika yin nisa da na Maple gama-gari ba. Ma'anar wannan ita ce ko da ranar sayarwa ba ka sami wanda ya san darajar tambarin ba, yawancin kuɗinka yana nan cikin nauyin azurfar. Tsofaffin na 1998 kuwa sun yi tsada, ka bar su sai idonka ya buɗe.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Maple ya yi suna wajen fitar da wani farin tabo kamar ɗigon nono da ya bushe, wanda ke fitowa daga yadda aka wanke ƙarfen kafin a buga, kuma ba ya goguwa. Biyu daga cikin nawa suna da shi. Sai a 2018 ne gidan buga kuɗin Kanada ya fito da wani tsari da suka kira MintShield domin rage matsalar, don haka duk wanda aka buga kafin wannan shekara ka nemi a nuna maka hotonsa gaba da baya a haske mai kyau kafin ka biya. Azurfa kuma ƙarfe ne mai laushi, gefen da ke da hoton Sarauniya Elizabet, ko Sarki Charles a sababbin, yana saurin kwarzanewa idan ana jefa su wuri ɗaya.

Silver Eagle kuwa sule ne mai kyau, ban musa ba, ana buga shi tun 1986, ya fi Maple faɗi, milimita 40.6 a kan 38, tsarkinsa 999 cikin 1000, kuma ko marar tambari yawanci ɗorinsa ya fi na Maple. Amurka ba ta daɗe da shiga harkar tambari ba. Wanda ya yi tashe shi ne V75 na watan Nuwamban 2020, na tunawa da cika shekara 75 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, guda 75,000 kacal aka buga a West Point, bugu na musamman irin na masu tarawa, aka sa shi dala 83, kuma nan da nan ya ƙare, 'yan kasuwa suka ninka farashinsa sau da yawa. A wannan zafin na saya ta hannun wani dillali, da kuɗin da zai kawo mini Maple marar tambari kusan goma. A 2024 sun fitar da mai tauraro wanda ya fi sauƙi, amma ban saya ba kuma ba ni da niyya.

Abin da ya koya mini hankali ya faru ne da wata damina da buƙatar kuɗin taki ta taso mini. Na ɗauki V75 ɗin cikin kwalinsa da takardarsa na kai wa wani maƙerin azurfa da muka daɗe muna hulɗa, mutumin kirki wanda bai taɓa cutata ba. Ya karɓa da ladabi, ya ɗora a kan sikeli, ya cire nauyin gidan robar, ya buga lissafin giram 31, sannan ya ce mini, "Alhaji, ni azurfa nake saya, abin da aka rubuta a jiki ba ya shiga wuta." Gaskiya ya faɗa, domin shi narkarwa zai yi ya ƙera zobe da awarwaro. Na tambaya a kasuwar Wunti, na aika a tambaya mini a Gombe da Kano, ko'ina maganar giram ce. Daga ƙarshe ta waya na sami wani mai tarawa a Legas, wanda ya san ina cikin matsi, lokacin kuma farashin ya riga ya sauko daga inda na saya, haka na sallama masa. A ƙasar nan tamu masu sayen tambari ba su da yawa, kuma duk sulen da rabin kuɗinsa ko fiye yake kan tambari, to ka sani mai sayensa yana nesa da kai. Da Maple mai doki na kai wa maƙerin nan a ranar, abin da zan rasa kaɗan ne.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka a kan masu sayarwa, domin a nan ne mutane suka fi ƙonewa. Duk wanda ya tallata maka sulen azurfa a Facebook ko WhatsApp a farashin da bai kai kuɗin azurfar da ke cikinsa a kasuwar duniya ba, jabu ne, babu wata tantama, tagulla ce ko wani ƙarfe aka yi wa wankan azurfa, kuma Silver Eagle yana cikin waɗanda aka fi yi wa haka. Ka mallaki ɗan sikeli mai auna giram da ɗigonsa, da abin auna faɗi da kauri, da mayen ƙarfe mai ƙarfi. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, idan ka jingina sulen ka saki ɗan mayen a kansa zai gangaro a hankali kamar ana riƙe shi, amma jan ƙarfe ma yana yin haka, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. Wanda ya fi tona asiri shi ne nauyi da girma tare, domin tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba, idan maƙerin jabu ya daidaita giram 31.1 to sai kaurin ya wuce, idan ya daidaita kaurin sai nauyin ya gaza. Maple gama-gari daga 2014 yana da siraran layuka da suka bazu daga tsakiya, da wani ɗan ganye da aka zana da hasken lesa mai lambobi biyu na ƙarshen shekara a ciki, waɗanda sai da madubi mai ƙara girma ake gani. Wannan alamar tsaro ce, tana kan miliyoyin sulalla, kada wani ya sayar maka da ita a matsayin tambari na musamman, kuma ba kowane mai tambari ne ke ɗauke da ita ba, don haka rashinta a jikin irin nawa ba ya nufin jabu ne. Akwai kuma masu sayen sule na gaske su buga masa alama da kansu, ko su shafa masa ruwan zinariya ko fenti, su ce bugu ne na musamman. Idan aka kawo maka wanda ke rufe cikin roba da shaidar NGC ko PCGS, kamfanonin da ke tantance sulalla, ka shigar da lambar a shafinsu na intanet ka kwatanta da abin da ke hannunka, domin robar ma ana yin jabunta. Kada kuma ka yarda a gwada maka da ruwan asid ko a kankare gefensa da zarto kamar yadda ake yi wa tsohon awarwaro, domin daga nan ya koma azurfar awo.

Wajen ajiya, ka bar kowane a gidan robarsa, ka riƙe shi ta gefe, kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi saboda tana baƙanta azurfa, kuma da damina ka sa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Ka gargaɗi mutanen gida kada wani ya ga ya ɗan dafe ya goge maka shi da toka ko lemun tsami da nufin taimako, domin sulen da aka goge ya rasa ɗorinsa har abada.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Azurfa tana cikin abubuwa shida da hadisi ya ce ba a musayarsu da jinsinsu sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, saboda haka idan wani ya ce ka ba shi Maple biyu marasa tambari ya ba ka ɗaya mai tambari, wannan riba ce irin wadda shari'a ta haramta, mafita ita ce ka sayar da naka da kuɗi, sannan ka sayi nasa da kuɗi. Nisabin azurfa kuma dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato da zarar sulallanka sun kai 20 ka haye shi, idan shekara ta zagayo sai ka fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma ka zauna da malaminka ya yi maka bayanin yadda ake haɗa shi da sauran dukiyarka.

Don haka ka fara da Maple marar tambari guda uku ko huɗu na 2018 zuwa sama, ka saba da nauyinsu da ƙararsu da yadda suke a ido, sannan ka sayi mai tambari guda ɗaya na dabbar da ranka yake so daga dillalin da zai yarda ka auna a gabansa ko ka mayar idan bai cika ba. Eagle mai tambari ka bar shi tukuna. Idan kayan sun iso kuma kana shakka, ka kawo su gida bayan la'asar ranar Asabar, sikelina da nawa mai doki suna nan, sai mu jera su mu gani.