Gwajin Azurfar Kwandalolin Tunawa a Shagon Wani Maƙerin Fari a Bauchi

Daga cikin maƙeran fari da ke aiki a kewayen Kasuwar Wunti a Bauchi, akwai wani dattijo da masu tsofaffin kwandaloli kan kai wa kayansu domin ya rarrabe musu azurfa da farin ƙarfe. Sana'arsa ta ainihi ƙera zobba da awarwaro ce, gwajin kuwa aikin gefe ne, amma a ganina ya cancanci ladan da ake biya, muddin mai kaya ya san inda ilimin shagon ya tsaya.

Abin da na kai masa babbar kwandala ce ta Ingila, wadda aka buga a 1977 domin tunawa da cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 25 a gadon sarauta. Tana rikita mutane ne saboda iri biyu aka buga: akwai ta gama-gari, wadda haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25 ce, akwai kuma ta masu tara kwandaloli, mai azurfa kashi 92.5 cikin ɗari, wadda aka sayar a cikin ɗan akwati. Zanensu ɗaya, faɗinsu ɗaya, nauyinsu ma ɗaya, wato giram 28.28, don haka sikeli shi kaɗai ba ya raba gardama.

Da maganaɗisu ya fara, kuma a nan na gane ya san aikinsa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk kwandalar da maganaɗisu bai kama ba azurfa ce, alhali haɗin jan ƙarfe da nikel ma ba ya kamawa. Shi kuwa sai ya karkata kwandalar, ya ɗora ɗan ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a kanta ya sake shi. A kan azurfa yakan gangaro a hankali kamar ana riƙe shi, amma a kan tawa sulalewa ya yi nan take. Daga nan ya ɗora ta a kan yatsa ya ƙwanƙwasa gefenta, ya kwatanta da wata tsohuwar dalar Mariya Tariza, wato kwandalar azurfa ta ƙasar Ostiriya, da yake ajiye da ita don wannan aiki, irin mai ɗauke da shekarar 1780, wadda azurfarta kashi 83.3 ce. Amon dalar ya daɗe yana tashi siriri, na tawa kuwa bai jima ba ya mutu.

Gwajin ruwa ne ya fi gamsar da ni, domin lissafi ne, ba kaifin kunne ba. Ya ɗora kofin ruwa a kan sikeli, ya mayar da shi sifiri, sannan ya rataye kwandalar da zare ya nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindin kofin ba. Idan aka raba nauyin kwandalar da adadin da sikelin ya nuna, azurfa mai kashi 92.5 takan ba da kusan 10.3, haɗin nikel kuwa kusan 8.9. Tawa a wajen 8.9 ta tsaya. Bai yi mini kwana-kwana ba, cewa ya yi, "Malam, wannan ta ado ce, a ajiye wa yara tarihi." Na yaba da haka ƙwarai, domin da ya so, da sai ya bar ni cikin shakka.

Inda shagon ya gaza kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Yaron shagon, da ganin kwandala, kwalbar asid da dutsen gogawa yake fara ɗaukowa, kamar yadda suka saba yi wa sarƙa da ɗan kunne, kuma sai mai kaya ya hana da bakinsa. Asid yana barin tabo, gugar tana cin gefe, kwandalar tunawa kuwa da zarar ta sami rauni darajarta a wurin masu tarawa ta faɗi. Haka nan suna tayin wanke duk wadda ta yi baƙi-baƙi, alhali wannan dusashewar ɗabi'ar azurfa ce, kuma masu saye sun fi son a bar ta yadda take.

Ba sa ba da takardar sakamako, ladan gwaji kuma sai yadda aka yi ciniki. Idan kaya ya tabbata azurfa, tayin da za su yi na nauyi ne, farashin narkarwa, ba ruwansu da shekarar bugu ko ƙarancin irinta. Wanda ya gaji sulallan zamanin Turawa na 1913 zuwa 1919, waɗanda azurfa ce ta gaske kafin a koma bugawa da tagulla, ya kai a gwada masa a nan, amma ya nemi ra'ayin mai tara kwandaloli kafin ya sallama.