Fila ko sake yanka? Hanyoyi biyu na ɓoye mahaɗar falanki a saman tebur

Malam, na karanta bayaninka: ka haɗa falanki uku ka yi saman teburin rubutu, ka sa gam, ka ɗaure su da sukuru ta ƙasa, amma layin mahaɗar ya fito fili, har akwai inda bakin biro ke huda takarda ya faɗa ciki. Wasu sun ce ka cike da fila, wato kwaɓin toshe ramin katako, wasu sun ce ka raba ka sake haɗawa. Duka biyun ana yi, sai dai ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Kafin ka zaɓa, ka shafa yatsa a kan layin. Idan falanki ɗaya ne ya ɗan ɗara ɗan'uwansa tudu, babu rami, to wannan aikin samfefa ne kawai, ba ruwan fila. Idan kuwa rami ne, ka gwada faɗinsa. Wanda takarda ke shiga da ƙyar ƙarami ne. Wanda katin banki ya shige, kaurin katin bai kai milimita 1 ba amma ya kusa, ya wuce abin da za a rufe a manta. Sannan ka tambayi kanka me za ka shafa a ƙarshe, fenti ko banish, domin rabin amsar tana nan.

Fila ita ce hanya mai sauƙi, shi ya sa kowa ke fara ambatarta. Akwai ta gwangwani, akwai kuma wadda kafintoci ke kwaɓawa da dusar katako da farin gam. Idan ta biyun za ka yi, kada ka ɗebi dusar zarto mai tsakuwa-tsakuwa. Ka tara garin da samfefa ke fitarwa daga wannan katakon da kansa, ka kwaɓa da kauri, ka manna tef a gefe da gefen layin don kada gam ya ɓata fuskar, ka danna da bakin wuƙa har ta shiga ƙasa, ka bar ta ta ɗan yi tudu saboda tana motsewa in ta bushe. Washegari ka goge. Idan fenti za ka bi da shi, kuma ramin ƙarami ne, wallahi aiki ya yi kyau, ba mai gane inda aka haɗa.

Matsalarta tana fitowa ne a ƙarƙashin banish. Gam yana toshe ƙofofin katako, don haka wurin da aka cike ba ya shan kala kamar sauran fuskar, kuma kwaɓin dusa kan bushe ya fi katakon duhu. Ƙaramin gurbin ƙusa zai iya ɓuya cikin zanen katako, amma miƙaƙƙen layi mai launi ɗaya daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan, ido ba ya kuskure shi. Sai babbar damuwar: katako ba ya zama wuri ɗaya. Yana shan damshin iska ya kumbura, iska ta bushe ya tsuke, kuma kusan duk motsin a faɗi yake yi, tsawon da ƙyar yake canzawa. Saman tebur mai faɗin santimita 60 zai iya ƙaruwa ko raguwa da 'yan milimitoci tsakanin damina da rani. Idan falankan ba su kama juna da gaske ba, a mahaɗar wannan motsin zai bayyana, fila kuma ba ta miƙewa, tsagewa take yi. Ifoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake gaurayawa, ya fi ta riƙo kuma ba ya motsewa sosai, amma shi ma ana ganin layinsa.

Sake yanka ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so maka. Dalili: ba gam ke ɓoye mahaɗa ba, dacewar bakin falankan ce. Idan bakuna biyu suka haɗu tsaf, gam ɗin da ke tsakaninsu siriri ne ƙwarai, kuma irin wannan haɗin yakan fi katakon da ke kewaye da shi ƙarfi.

Ga dabarar da ta dace da halin da kake ciki. Kwance sukurorin da katakon ƙasa da ke riƙe da falankan, ka tabbata babu ƙusa a hanya. Ɗaure miƙaƙƙen katako a sama ya zama jagora, ka bi tsakiyar layin da zarton lantarki mai faifai, ta yadda haƙoran za su ci bakin falankan biyu a lokaci guda. Duk karkatar da zarton ya yi, ya yi wa duka biyun, don haka suna dacewa. Za ka yi asarar kamar milimita 3 a kowane yanka. In ramin ya fi haka, matsa falankan su haɗu ka sake bi. Wanda ba shi da wannan zarto sai ya naɗe falankan biyu kamar rufe littafi, ya ɗaure su, ya fere bakunan tare da filen hannu, wato abin feren katako na kafinta. In an buɗe su, ɗan kuskuren kusurwar wannan yana cike na wancan.

Kada ka taɓa gam sai ka jera su a bushe, ka haska tocila ta ƙasa. Duk inda haske ya ɓullo, da sauran aiki. Kuma a nan ne za ka jujjuya falankan ka nemi gefunan da launinsu da zanensu suka yi kama, don ko haɗi ya yi kyau, fari kusa da ja sai ya nuna kansa.

Wajen matsewa bayan ka shafa gam, ka sa kilam, wato ƙarfen matse katako, kusan kowane santimita 25, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, don kada saman ya lanƙwashe. Idan ba ka da su, igiyar ɗaure kaya mai ƙugiyar matsewa tana yi, ko ka kafa katako biyu a gefe ka buga weji, wato guntun katako mai tsini, tsakaninsu da falankan. Ka matsa har gam ya tsattsafo ɗigo-ɗigo a duk tsawon layin, ka tsaya nan. Kada ka bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, yaɗa shi za ka yi cikin katakon, tabon ya fito bayan banish. Jira kamar minti 30 ya yi danƙo, ka kankare. Sannan abin da mutane da yawa ke gaggawa a kai: ruwan da ke cikin farin gam yana kumbura katakon da ke bakin layin. Idan ka goge da samfefa tun bai saki ruwan ba, daga baya wurin zai lotsa ya bar ɗan kwari. Ba shi kwana biyu ko uku, sannan ka bi da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin tsawon zanen katako.

Akwai masu fere bakin kowane falanki su mayar da layin kwalliya. A teburin cin abinci ba laifi, amma a na rubutu biro zai ci gaba da faɗawa, ƙura kuma ta taru. Manna fomeka a sama yana rufe komai, in ba ka damu da ganin katakon ba.

To, in fenti ne kuma takarda kaɗai ke shiga, yi fila hankalinka kwance. In banish ne, ko katin ya shige, sake yanka. Ko wanne ka ɗauka, lokacin mayar da katakon ƙasa ka tsawaita ramukan sukurorin gefe ta faɗin tebur don saman ya samu wurin motsi, kuma ka shafa banish ko fentin a ƙasan teburin kamar yadda ka shafa a sama, don fuskokin biyu su riƙa shan damshi daidai.