MakeMKV ko HandBrake: wanne ya dace da faya-fayan DVD ɗinka?

Malam, ka ce kana da kwali guda na faya-fayan DVD: na bikin aurenka, na hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, na tafsirin azumi, da 'yan fina-finan da ka saya da kuɗinka. Wasu sun fara sarƙewa, kana son kwashe su cikin kwamfuta ka kuma riƙa kallo a waya. Wani ya ce maka manhajar MakeMKV, wani ya ce manhajar HandBrake. Dukansu nagari ne, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba.

Kafin ka sauko da ko ɗaya, saka faifan ka buɗe ka ga abin da ke ciki. In ka tarar da VIDEO_TS cike da fayilolin VOB da IFO, DVD ne na ainihi, kuma a kansa za mu yi magana. In MPEGAV ka gani da AVSEQ01.DAT, tsohon VCD ne, MakeMKV ba ya karanta shi. Kwafe fayil ɗin kawai, VLC, manhajar kallon bidiyo, zai buɗe maka. Haka in AVI ko MP4 aka zuba a faifan, kamar yawancin masu fim goma a faifai ɗaya, ba ka bukatar wata manhaja.

MakeMKV juye hatsi yake yi daga tsohon buhu zuwa sabo, HandBrake kuwa niƙawa yake, kuma gari ba ya komawa tsaba. MakeMKV yana ɗauko hoton MPEG-2 da sautin faifan yadda suke, ya haɗe guntayen VOB ɗin nan da aka yayyanka giga ɗai-ɗai, ya ba ka fayil ɗin MKV guda. Ba ya rage komai, don haka ba ya wahalar da kwamfuta. Sau da yawa kafin rabin awa ya gama. Tsadarsa cin wurin ajiya ne. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai biyu 8.5, kuma kusan abin da ke kan faifan shi zai sauka a kwamfutarka. Faifai ashirin sun isa su cinye giga ɗari.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, yadda aka saita shi tun asali, yana tsallake duk bidiyon da bai kai daƙiƙa 120 ba. A fim wannan alheri ne, talla yake zubarwa. A faifan biki kuwa, ɗan guntun da tsohuwa ke sa wa amarya albarka yana iya zama minti ɗaya da rabi, sai a bar shi a baya ba ka sani ba. Shiga saiti ka mayar da lambar sifili. Na biyu, kile na USB ko katin waya mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, sai ya ce maka fayil ya yi girma alhali ga wuri nan fili. Sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta waɗannan.

HandBrake, wanda wani Bafaranshe mai suna Eric Petit ya fara a 2003, kyauta ne gaba ɗaya. Shi sake matse hoton yake yi zuwa H.264 ko H.265, ya fitar da MP4. Fim na awa biyu yakan dawo wajen giga ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma a fuskar waya da ƙyar ido ya ga bambanci. Faya-fayanmu galibi PAL ne, hoto 720 a 576, don haka zaɓi saitin Fast 576p25 ka bar shi haka. Kada ka ja shi zuwa 1080, hoton ba zai ƙara kyau ba, nauyi kawai zai ƙara. H.265 ya fi ƙanƙanta amma ya fi jan lokaci, kuma tsofaffin wayoyi suna shaƙewa da shi, H.264 ko'ina yana buɗewa.

Inda HandBrake ya fi burge ni shi ne bidiyon kyamarar biki. Tsayar da hoton daidai lokacin da mahayi ya zaburo doki, za ka ga gefen rawaninsa da ƙafafun dokin sun yi zara-zara kamar haƙoran mataji. Haka kyamarorin wancan zamani ke ɗauka don tsohuwar talabijin. HandBrake yana gano wannan ya goge shi da saitinsa mai suna Decomb, MakeMKV kuwa ya bar maka shi yadda yake.

Amma matsewa aiki ne mai nauyi. Tsohuwar kwamfuta tana iya shafe awa ɗaya ko biyu a fim guda, fanka na kuka, a zafin watan Afrilu na Zinder. In wuta ta ɗauke batir kuma ya mutu, rabin MP4 ɗin ba ya buɗewa, sai an sake daga farko. In kai tsaye daga faifan kake matsewa, kowane sakewa ƙarin wahala ne ga faifan da dama ya gaji. Sabbin zubin HandBrake na Windows kuma sai Windows 10 zuwa sama, tare da ƙarin manhajar .NET Desktop Runtime, ka tanadi data.

Fina-finan Turai da Amurka na asali suna zuwa da makullin hana kwafi da ake kira CSS. HandBrake shi kaɗai ba ya buɗe shi, MakeMKV yana buɗewa, kuma ɓangarensa na DVD kyauta ne. Na Blu-ray ne ake gwadawa kwana 30 sannan a biya. Faifan da mai ɗaukar biki ya buga maka ba shi da makulli. Fim ɗin da ka saya kuwa, adana shi don kallon gidanka daban, tura wa jama'a a kile ana karɓar kuɗi daban. Wannan gumin 'yan wasa ne da masu shiryawa, kuma BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta Nijar, don kare haƙƙinsu aka kafa ta.

Ni dai shawarata, duk abin da ba a sayar da shi a kasuwar Dole, wato biki, suna, hawan sallah, muryar mahaifin da ya rasu, fara da MakeMKV. Karanta faifan sau ɗaya, ajiye MKV ɗin wuri biyu, sannan ka ba HandBrake wannan fayil ɗin ya fitar maka da ƙarami na waya da WhatsApp. Tafsiri da fina-finan da za ka iya sake samu, HandBrake kaɗai ya wadatar. In kana son faifan har da shafin zaɓe mai hoton ango da amarya, MKV ba ya riƙe shi, sai ka yi ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya, da manhajar ImgBurn.

Masu sarƙewar nan su za ka sa a gaba. DVD-R da aka buga a shago rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cinye shi ko ba a taɓa shi ba. Hure ƙurar hunturu tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. In MakeMKV ya tsaya ya ce ya kasa karantawa, kada ka yar da faifan. Ari na'urar DVD ta USB wajen wani ka gwada, don abin da ya gagari wata na'urar wata takan karanta shi.