Sharhi: Cinikin Corolla a filin motoci, wata bakwai bayan na biya

Wata bakwai ke nan da na sayi motar da nake hawa, Toyota Corolla ƙirar 2010, a wani filin sayar da motoci a Kano. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin ba a yabon mota ranar da ta fito daga fili an wanke ta an fesa mata turare. Sai ta sha rana, ta sha ruwan damina, ta je Zariya ta dawo ya fi a ƙirga. Sunan wurin kuwa ba zan kama ba. Akwai abin yabo a wurin, akwai na ƙorafi, kuma abin da na ƙorafta a kai na gan shi a duk filayen da na zaga kafin na tsaya a nan.

Peugeot 406 nake hawa a da, shekara 11 muna tare, har ta kai kowane mako sai na kai ta gareji. Na sayar da ita, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa. Duk wanda ya leƙa kasuwar mota tun daga 2023 ya san halin da ake ciki. An cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, aka saki naira a watan Yuni, ga motocin da dala ake sayo su, kwastam kuma da farashin dala suke lissafa duti. Motar da abokaina suka saya kafin lokacin, sai da na biya ninkin kuɗinsu kafin na samu irinta. Shi ya sa na tsaya a kan Corolla. Injinta lita 1.8 ne, ba ta shan mai, kayan gyaranta kuma ko yau ka shiga Ƙofar Ruwa za ka same su.

Ranar farko ni kaɗai na je. Ban gama sauka daga adaidaita ba matasa huɗu suka kewaye ni. "Sannu da zuwa Alhaji, wace iri ake so?" "Yallaɓai, zo ka ga wata, Beljiyam ce tsaf, wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka." Gaskiya sun karɓe ni da fara'a, sun ba ni kujera a inuwa, sun kawo ruwa mai sanyi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, wanda ya fara riƙe hannunka a bakin ƙofa ya zama dillalinka ke nan, ko ka so ko ka ƙi, kuma duk motar da ka saya a filin yana da rabo a ciki. Haka nan ban san cewa motocin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai filin daban. Motocin wasu nasa ne, wasu na 'yan kasuwar da ke shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, wasu kuma na mutanen gari ne da suka kawo a sayar musu. Yaran da ke ta yi maka bayani, yawancinsu ko taya ɗaya ba su mallaka ba a wurin.

Suka tambaye ni nawa na tanada, na ce kamar miliyan 10. Wannan shi ne kuskurena mafi girma a duk cinikin. Daga nan duk motar da na nuna, kuɗinta ba ya sauka ƙasa da miliyan 10, har wadda aka yi shekaru ana hawa a nan gida. Suka dage sai na ɗauki wata Camry ƙirar 2008, wai ta fi dacewa da mai iyali. Na kira bakanikena a waya, ya ce kada na kuskura na yi tayi sai ya gani, domin injin lita 2.4 na waɗannan shekarun an san shi da shan baƙin mai. Na yi sallama na tafi. Daren ranar sau shida aka kira ni, kowa na cewa an samo mini wata.

Bayan kwana uku na koma da bakanikena, da sassafe. Shi ya zaɓi lokacin, ya ce yana so ya ji ƙarar inji kafin a ɗumama shi, don injin da ya yi zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma zuwansa ya sauya komai, har muryar yaran ta yi ƙasa.

Corolla biyu muka ware. Ta farko an ce ƙirar 2012 ce. Bai ko buɗe bonet ba, sai ya leƙa lambar shasi ta ƙasan gilashin gaba. Lambar nan harufa da alƙaluma 17 ce, kuma a motocin Amurka na goma shi ke nuna shekara: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, C 2012. Tata 9 ce. An cire bamba da fitilunta an saka mata na sabon samfurin da ya fito daga 2011, aka ƙara mata shekara uku da kusan naira miliyan ɗaya. Da ya nuna musu, sai ɗaya ya ce, "Ai Baba haka aka kawo ta." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma sana'arsa ke nan, ya fi ni sanin inda ake duba shekara.

Ta biyu A ce, shekararta daidai. Ya ɗaga kafet ya shinshina, ya duba ƙarafunan ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa, saboda motocin da ambaliya ta cinye a Amurka suna yawan ƙarewa a kasuwanninmu. Babu. Ya kwanta ya duba salansa, ya tabbatar ba a cire abin nan mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira Indomie ba. Ya jona kwamfuta, ba ta nuna wata matsala babba ba. Sai ya bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, da ya zo gefen dama ta gaba ya tsaya, ya ce nan an yi ciko an sake fenti. Dillalin ya rantse ba ta taɓa haɗari ba. A nan na zauna, na biya 'yan kuɗi kaɗan ta intanet aka fitar mini da tarihin motar da lambar shasinta. Ga hotunanta a filin gwanjo a Amurka, fitilar dama a fashe, gefen a lotse. Abin da ya kwantar mini da hankali, jakar iskar sitiyari ba ta fashe ba, bugun bai kai ga inji ba. Sannan tafiyar da aka ce mini kilomita dubu 131 ce, ashe mil ne. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, ke nan motar ta ci sama da kilomita dubu 200.

Duk da haka bakanikena ya ja ni gefe ya ce motar lafiyarta ƙalau, in kuɗin ya yi daidai na ɗauka.

Suka ce miliyan 10 da dubu 800. Na taya miliyan 8 da rabi. "Albarka, Alhaji. Haba, ko kuɗin duti da na dakonta daga Legas ba ka duba ba?" Na ƙara dubu 200, aka sake cewa albarka. Wannan duk ban damu da shi ba, ciniki ya gaji haka, ni ma ɗan kasuwa ne ya haife ni. Abin da ya ɓata mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Muna cikin magana sai ga wani mutum da babbar riga ya zo ya zagaya motar, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya ce da ƙarfi ya saya miliyan 10 da dubu 200, zai je banki ya dawo. Yaran suka juyo gare ni: "Ka gani ko, Alhaji? Don dai kai ka riga shi ne." Ba zan yi rantsuwa a kan zuciyar bawan Allah ba. Abin da na sani shi ne, bai duba inji ba, bai tambayi takarda ba, kuma bayan kwana takwas motar tana nan inda na bar ta. Tayin ƙarya don a zuga mai saye shi ne najashi, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, kuma duk wanda ya yi karatun littafin ciniki ko a zaure ya san haka. Na ji ciwon ganin yaran da muka yi sallar azahar sahu ɗaya da su sun ɗauki abin kamar ba komai ba.

Na tashi na tafi. Har bakin titi suka biyo ni, kuɗin yana sauka da dubu ɗari-ɗari, ban waiwaya ba.

Da na koma a rana ta takwas, ban tsaya wurin kowa ba, kai tsaye na wuce ofishin mai filin na gaishe shi, na ce ina so a haɗa ni da mai motar. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ɗauki waya. Ashe mai motar yana nan kusa, wani dattijo da ya daɗe yana shigo da motoci. Ban ma gama zancen hotunan ba ya ce, "Malam, gwanjo na sayo ta, gabanta ya bugu, ni na sa aka gyara a Legas. In da ba ta bugu ba ai ba za ka same ta a wannan kuɗin ba." Na tambaye shi nawa ya sa mata. Ya ce miliyan 9 da rabi. Wato yaran sun ɗora miliyan 1 da dubu 300 a kai, ba da saninsa ba, ba da sanina ba. Shi kansa ransa ya ɓaci, domin ɗorin nan ne ya sa motarsa ta yi wata biyu tana shan ƙura.

Cinikinmu da shi bai kai minti 15 ba. Na lissafa masa abin da bakanike ya ce sai an sauya, ya saurara, ya amince da wasu, ya musanta wasu. Na ce miliyan 9 da dubu 200, ya ce na cika ta kai miliyan 9 da dubu 300. Na cika, ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka."

Ba na cikin masu cewa a kawar da dillalai. Yaron da ya fara tare ni ya yi wahala, ya buɗe mini motoci sun fi goma cikin rana, ya zuba mai aka gwada, la'ada haƙƙinsa ce. A gaban mai motar da mai filin muka yanke naira dubu 100, na ba shi da hannuna da daɗin rai. Da tun farko ya ce mini ga kuɗin mota, ga la'adata, da ko ninki biyu ya nema zan iya ba shi, kuma da yanzu na turo masa mutum uku. La'adar da aka faɗa a fili daban, kuɗin da aka ɓoye a cikin farashi daban. Bayan an sallama kuma wasu mutum biyar da ban taɓa gani ba suka fito, kowa na neman na goro, wai da shi aka yi. Mai filin ne ya tsawata musu, na yaba masa a kan wannan.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce, ka tsaya ka duba yadda aka yi ta shigo. Ba mu manta yadda kwastam suka rufe filayen motoci a garuruwa da dama a 2019 ba, kuma motar da ba a biya mata cikakken duti ba, a hannunka za a kama ta a hanya, ba a hannun dillali ba. Na ba da kafin alƙalami naira dubu 200, aka rubuta cewa in takardun ba su inganta ba za a mayar mini. Mai motar ya haɗa ni da yaronsa muka je ofishin kwastam aka duba, lambar shasin da ke takarda ta yi daidai da ta jikin mota. Sannan na tura sauran kuɗin, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar. Wani daga cikin yaran ya so na tura ta nasa, wai na Alhaji yana da matsala, na ce sai dai a jira. Aka rubuta takardar ciniki, shaidu biyu suka sa hannu, aka ba ni rasit mai hatimin filin.

Motar kuwa alhamdu lillahi. Inji da giya ba su taɓa ba ni matsala ba, baƙin mai ba ya raguwa tsakanin juye da juye. Amma na kashe kusan dubu 600 a watan farko. Shokozoba biyu na gaba sun mutu, wannan mun sani tun a fili. Batir bai yi mako biyu ba ya kwanta. Tayoyin kuma, da ido kamar sababbi, sai mai faci ya nuna mini alƙaluma huɗun da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su. Sun haura shekara bakwai, dole na sauya duka huɗun kafin na ɗauki iyali zuwa Katsina. Wannan ya wuce mu ni da bakanikena, da mun gani da ya shiga lissafin ragi.

In za a tambaye ni, mai filin da mai motar zan sake ciniki da su gobe, kuma ƙanin matata da ke neman Sienna wurinsu na tura shi, tare da bakanikena, na ce masa kada ya faɗa wa kowa abin da ke aljihunsa, ya nemi mai motar tun ranar farko. Abu ɗaya ne ya rage tsakanina da su. An yi mini alkawarin makulli na biyu, an ce yana Legas za a aiko. Na kira sau huɗu, na je da ƙafata sau ɗaya, har yau makulli ɗaya nake yawo da shi.