PuTTY da modem a ƙauye: ya biya kuɗin sabulu, amma da saura

Duk mai shagon kwamfuta a ƙauyukan Ringim da Taura ya san wannan ciwon: fitilar modem tana shuɗi, ana tsakiyar ɗora fom, sai ta juye kore, ta zame daga 3G ta faɗa 2G, aiki ya tsaya cak. Don wannan na gwada PuTTY, manhajar kwamfuta da ake iya aika wa modem rubutaccen umarni da ita, a kan tsohon modem na Huawei E303, kuma wallahi ban zaci manhajar da ba a biyan ko sisi za ta yi wannan aikin ba.

A fara rufe manhajar da ta zo da modem ɗin gaba ɗaya, domin muddin tana buɗe ta riƙe ƙofar COM, wato hanyar da kwamfuta ke magana da modem, PuTTY ba zai samu shiga ba. A duba Device Manager ƙarƙashin Ports, a ɗauki lambar COM ta layin da aka rubuta PC UI Interface. A PuTTY a zaɓi Serial, a sa lambar, gudu 115200. Baƙin allo ne zai fito, wani lokacin ko abin da kake bugawa ba ka gani. Ba lalacewa ba ce, buga ATE1 ka danna Enter, haruffa za su bayyana. In ka buga AT kaɗai, ya kamata modem ya amsa da OK. Irin waɗannan masu farawa da AT su ake kira umarnin AT.

Umarnin da ya burge ni shi ne AT^SYSCFG=14,2,3FFFFFFF,2,4. Lamba 14 ita ce ke ɗaure modem a 3G zalla, 13 kuma 2G zalla. Da na tura, fitila ta tsaya a shuɗi, kuma ko an zare modem an mayar saitin yana nan. Sai AT+CSQ, mai faɗin ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31. 99 na nufin bai gano komai ba. A kan tebur ƙasa da 10 yake ba ni, da aka sa wayar USB mai tsawo aka rataye shi a taga ta ɓangaren eriya, ya haura 15. Kada wayar ta wuce mita 5, in ta wuce modem ya riƙa yankewa ke nan.

To amma fa akwai inda ya ba ni haushi. Ranar da 3G ta ɗauke a eriyar yankin, ɗaurarren modem ba ya komawa 2G, shiru kawai, kamar an zare sim. Dole a sake buɗe PuTTY a mayar da 14 zuwa 2, lambar da ke barin modem ya zaɓi 3G ko 2G da kansa. Yaron shago ba zai iya wannan shi kaɗai ba sai an rubuta masa a takarda an manna a bango. Ga maɓallin gogewa: in ka yi kuskure ka goge, sau da yawa ERROR za ka samu, sai ka shiga Keyboard a saitin PuTTY ka mayar da Backspace zuwa Control-H. Umarnin da aka kwafo daga waya ma yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance, modem ya ƙi karɓa, gara a buga da hannu.

Babban takaicin kuwa mai sayarwa ne. Na nemi modem na biyu mai 4G, na ce masa wanda ke karɓar umarnin AT, ya ce "Alhaji, duk ɗaya ne." Ashe irin HiLink ne, wanda kwamfuta ke gani a matsayin katin intanet, ana saita shi ta burauza a 192.168.8.1, babu COM ko ɗaya. Kayan ba shi da laifi, haka aka ƙera shi, amma ba shi na nema ba, kuma mutumin ya ƙi karɓar abinsa. Kafin ka miƙa kuɗi, a jona shi a kwamfuta a gabanka, ka ga lambar COM da idonka.